Shekarar da Muka Ɓoye Parabol a Rumbu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ku da kuka san ni da ku da za ku zo bayan an rufe ni da ƙasa. Ga magana nan tafe, kuma ba ta Gizo ba ce, tawa ce. Ban shiga lakol ba, ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini baki.

Na ji abin da ake faɗa a gidan nan idan an zaci na yi barci. Wai kakarku Abu ta ɗauke wa mijinta tele yana kwance ba lafiya, wai don tana tsoron mutanen da ke cikin akwatin. Kuna faɗa kuna dariya. To, tsoro kam na ji shi. Amma ba na mutanen cikin akwati ba ne.

Ƙauyenmu yana yamma da Gidan Sori, ba nisa da iyaka. A shekarar da nake ba ku labari, masu ɗaukar mutane sun buɗe wa yankinmu ido. Suna fitowa daga daji bisa babura, kuma ba kowane gida suke shiga ba, zaɓa suke yi. Sun san gidan da aka sayar da sa, sun san gidan da ɗa yake ƙasar waje yana aike. Ba tsoho suke ɗauka ba, don ba ya iya tafiyar daji. Matar ɗan suke ɗauka, ko ɗiyansa, su bar lambar salula. Kowa ya san wani ne daga cikinmu ke nuna musu ƙofa, amma ba wanda ya san ko wane ne. Saboda haka mutane suka koyi zaman talauci da gangan. Mai sabuwar riga ya ninke ta ya ajiye. Mai soya nama ya rufe ƙofar madafa. Gaisuwa ma ta gajarta, don idan aka ce maka "ina labarin yaro?" sai gabanka ya faɗi kafin ka amsa.

Mu kuwa ubanku yana Abija, can ƙasar waje bakin teku. Ɗan farina ne, ba na kama sunansa, kun sani. A gida akwai ni, da uwarku Zulai, da ƙananan biyu da ba su gama iya magana ba. Manyanku suna Tibiri wurin gwaggonku Habsu suna lakol. Sai Malam, kakanku, wanda ciwo ya shanye wa ɓarin jiki a kakar da ta wuce. Hannun dama ya mutu, ƙafar ta mutu, harshe ya yi nauyi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa in Allah ya so zai ga Ka'aba kafin ya mutu, ga shi ko ƙofar zaure ba ya kaiwa sai an ɗauke shi.

Wannan ne ya tsaya wa ubanku a rai. Ya samo wata tsohuwar tele mai faɗi, irin marar ƙeya, wadda maigidansa ya gaji da ita. Ya haɗo da ɗan akwatin da suke kira dikoda, da faranti babba fari, parabol ɗin ke nan. Kayan suka sauka wurin Habsu a Tibiri, sannan ya kira ni.

"Inna, akwai tashar da ba ta nuna komai sai Makka, dare da rana. Baba zai ga ɗawafi yana kwance."

"Farantin nan ina ake sa shi?"

"Bisa soro, Inna."

"Bisa soro. Inda mai wucewa bisa babur zai hango shi tun daga gonar Jimma. Kai, ka daɗe ba ka zo gida ba."

Sai ya ce a bari, a sayar. Amma Zulai ta riga ta sa muryar salular a fili, Malam yana ji. Na waiga na ga tsohon nan yana dubana, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu, bai ma san suna zuba ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne ɗanmu na uku. Sai na ce a kawo kayan, amma da sharaɗi: ba za a hau soro ba, ba za a kira mai haɗawa ba, ba kuma wanda zai sani.

Aka kawo su cikin amalanke, an lulluɓe da harawa kamar abincin awaki. Akwai wani tsohon rumbun zana a bayan ɗakin Malam, wanda gara ta ci jinkarsa muka daina zuba hatsi ciki. Ubanku ya ce tauraron da ake nema yana can sama sosai, farantin ba ya bukatar tudu, sama kawai yake son gani. Muka yaye sauran jinkar, muka shigar da wani tsohon turmi ciki, muka kafa ƙafar farantin a bakinsa muka cika da duwatsu da laka. Wayar kuma muka haƙa mata ɗan rami muka binne, tun daga gindin rumbun har ɗaki, muka share wurin da tsintsiya muka watsa kashin awaki bisa. Wuta ba ta dame mu ba, muna da sola da batir kamar gidaje da yawa, wannan ba abin kallo ba ne. Ƙananan yaran na ce musu akwai maciji a rumbu. Wanda cikinku har yau yake ratse wa wurin, ya daina, ba maciji.

Sai haɗawa. Nan muka sha wuya, ni da Zulai, mata biyu da ba wadda ta taɓa riƙe irin waɗannan kaya. Ubanku yana cikin salula yana kallo, muryarsa tana zuwa tana yankewa. Ya ce a ɗauki wayar nan mai baki shimfiɗaɗɗe a soka a bayan tele. Zulai ta duba sama ta duba ƙasa, ta shafa da yatsa.

"Babu raminta."

"Akwai mana, duba da kyau."

"Ni ce ke gabanta ko kai? Ramukan nan duk zagayayyu ne kamar idon kaza. Ga kore, ga shuɗi, ga ja, ga wani ja, ga fari."

Ta juya masa salular ya gani da idonsa. Ya ce inna lillahi, telen ta girmi dikodar, an yi ta tun ba a fara irin wannan bakin ba. A cikin kwalin akwai wata waya mai kawuna uku, rawaya da fari da ja, ya ce a gwada ta. To, amma telen ba ta da ramin rawaya. Zulai ta ce bari ta sa shi inda ya samu, ta soka rawayan a cikin jan da ke kusa da fari, ta kunna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar nan ba. Kamar an zuba zuma dubu cikin tulu an toshe. Ɗakin ya ɗauka, kwanukan jere suka amsa, ƙaramar ta fashe da kuka. Na faɗa bisa telen da jikina, kamar jiki yana toshe ƙara. Zulai ta fizge wayar. Muka tsaya cik. Sai ga muryar Jimma maƙwabciyata ta bisa darni.

"Abu! Lahiya? Mi ag ga kuka hakanga gidanku?"

"Radiyon Malam ce, batir ya yi sanyi!"

"To ki jefa ta rijiya, ta kusa tsinka mini sallah!"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Jimma ƙawata ce tun muna amare, ita ta karɓi haihuwata. Ran nan na yi mata ƙarya ba tare da na ƙifta ido ba, kuma na san ba ita ce ta ƙarshe ba.

Muka sake gwadawa da sautin a ƙasa. Ubanku ya ce fari ya tafi wurin fari, ja wurin jan da ke kusa da shi, su ne na murya. Rawaya kuwa a gwada shi a kore. Aka sa. Gilashin ya yi haske, wani rubutu ya fito da wata sanda a kwance. Ya ce sandar nan ita ce ke faɗin ko farantin ya ga tauraro, sai ta cika. Amma mai juya farantin yana rumbu, telen tana ɗaki, kuma ba halin ɗaga murya. Ni zan riƙe turmi, Zulai za ta juya. Wa zai duba sanda?

Malam ne ya buga ƙasa da hannunsa mai rai. Muka jingina shi da bango, muka ajiye masa tasa da ludayi: idan sandar ta motsa, ya ƙwanƙwasa.

Rana tana tsaka muka shiga rumbun nan, lokacin da kowa ya fake a inuwa. Itacen ƙasan yana lanƙwasa ƙarƙashinmu, ƙarfen farantin yana ƙona hannu. Zulai tana turawa kaɗan kaɗan, ta tsaya, mu saurara. Shiru. Ta ƙara. Shiru. Duk babur ɗin da ya wuce bayan gida sai mu duƙa mu daina numfashi har ƙararsa ta ɓace. Ran farko ba mu samu komai ba, kashegari ma haka. Zulai ta zauna a ƙasan rumbun ta ce, "Inna, ko dai Allah bai nufa ba?" A raina na ce da ma hakan ne. Ana nan, tana ɗaga bakin farantin sama da gwiwarta don hannunta ya gaji, sai muka ji ƙwas. Muka dubi juna. Ƙwas, ƙwas. Sai kuma tasar ta ɗauka ba tsayawa, kamar mai kiran awaki. Na dira daga rumbun da gudu don in ƙwace ludayin kafin gari ya taru.

Na iske shi bakinsa a karkace yana rawa. A cikin gilashin ga Ɗakin Allah, ga mutane suna kewaya shi kamar ruwa a ƙwarya. Hoton ba shi da launi, baƙi da fari ne kawai. Ubanku ya ce wannan don an sa rawaya a ramin kore ne, in ana son launi sai a je Maraɗi a nemi wata waya ko wani ɗan ƙarfe, a nuna wa mai shago hoton bayan telen. Na ce ba inda za a je. Mai shago zai tambayi wane gari, wane gida. Malam ya ɗaga hannu, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Ɗaki baƙi. Mutane farare. Mi ya rage?"

Daga ran nan ya canza. Yana cin abinci, yana bin ɗawafin da tasbaha, har ya san lokacin da masu shara ke fitowa. Ni kuwa na zama mai gadin ƙofa. Kun san al'adarmu, marar lafiya ba a hana dubiya. Duk wanda ya yi sallama dole a ce ya shigo. Saboda haka da an ji motsi a zaure, Zulai ta kashe murya ta jefa zane bisa telen, ta ɗora faifai da ƙwarya, ya zama kamar jeren kaya. Ni kuma in ja baƙon da gaisuwa a tsakar gida, in tambayi gida da gona da dabbobi, har sai na ji tarin Zulai. Haka muka ci rani. Na rame, mutane suna cewa jinya ce.

Akwai wani Nomau, dillalin shanu, abokin Malam tun suna samari. Sana'arsa tana kai shi kasuwannin hayin iyaka, yana shiga inda wasu ke tsoron shiga ya fito lafiya. Don haka ake raɗe-raɗi a kansa. An ce ya sha fura a wani gida a ƙauyen da ke kudu da mu, ba a daɗe ba aka ɗauke matar gidan. Ba wanda ya gani da ido, ba wanda ya faɗa a gabansa. Amma idan ya zauna a majalisa sai hira ta koma kan ruwan sama.

Wata rana bayan la'asar ya yi sallama. Na tsare shi da gaisuwa har Zulai ta yi tari. Ya shiga ya zauna bakin shimfiɗar Malam, ya kama hannunsa.

"Tsoho mai ran ƙarfe! An ce mini ka mutu, na taho cin gumba, ga ka kana ƙiba."

Malam ya yi dariya har da tari. Suka taɓa tsohuwar hira, Nomau yana faɗa, shi yana gyaɗa kai. Ina tsaye bakin ƙofa ina roƙon Allah ya tashe shi. Sai na ga hannun Malam, mai ran, yana tafiya bisa tabarma. Na gane inda ya nufa. Na ce, "Malam." Bai dube ni ba. Ya kama gefen zanen ya ja. Faifai ya faɗi, ƙwarya ta gangara har ƙafata.

Ba don mugunta ya yi ba. Abin ya yi masa yawa ne shi kaɗai. Wata da watanni yana ganin Makka ba wanda zai nuna wa, ga abokinsa na ƙuruciya zaune gabansa.

Nomau ya cire hularsa. Ya daɗe yana kallo, bakinsa yana motsi. Sannan ya goge ido da bakin rawani ya ce:

"Allahu akbar. Ashe yaron naka ya yi arziki a Abija. Allah ya ƙara buɗi."

Ya juyo ya dubi Zulai da ke durƙushe tana tsince faifai, da ɗiya goye a bayanta.

"Wagga ita ce matar tasa, ko?"

Tambaya ce da kowane baƙo zai iya yi. Amma ni ba haka na ji ta ba. Da ya fita na bi bayansa da ido har ya sha kwana, ina duba ko gida zai nufa ko hanyar kudu. Ban iya ganewa ba.

Da gari ya waye na riga na yanke shawara. Ɓoyewa ta ƙare. Abin da ya rage shi ne gari duka ya ga kayan sun fita, ya kuma ji ba namu ba ne. Na shiga wurin Malam na durƙusa na faɗa masa. Na ce mu tafi da shi Tibiri wurin Habsu, ya ci gaba da kallonsa can cikin jama'a. Ya girgiza kai. A ɗakin nan aka haifi ubansa, ya ce ba a fitar da shi sai a makara. Na ce to kayan za su tafi. Ya kama zanena da hannun nan nasa guda.

"Abu. Bari. Kaɗan ya rage mini."

Na ce, "Malam, kai kaɗan ya rage maka. Zulai fa? In suka zo, kai za ka bi su daji ko ni?"

Ya sake ni. Na zare wayoyin da hannuna, rawaya da fari da ja, ana cikin ɗawafi. Ya juyar da fuskarsa wajen bango.

Da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, na sa aka ɗora telen da farantin bisa amalanke, ba harawa ba lulluɓi. Na bi ta tsakiyar gari a ƙasa ina riƙe da gefen amalanken. Duk wanda ya tambaya, da wanda bai tambaya ba, na faɗa masa da ƙarfi: kayan aro ne, na wani mutumin Tibiri ne da ya tausaya wa marar lafiya, yau ya aiko a mayar masa. Na ce yaron namu ko labarinsa ba mu ji, ya manta da mu. Na ɓata sunan ɗana a bakin kasuwa da bakina, ina ji mata suna cewa Allah wadan ɗiyan zamani. Jimma ta tsaya da tulu bisa kai ta dube ni, ta dubi farantin, ta ce, "Radiyo ke nan?" Ta wuce.

Da na dawo da yamma na iske Nomau a zaure. Ya zo da buzunsa da tasbaha, ya sa farar riga, ya zo ya sake ganin Makka. Ya riga ya leƙa ɗakin ya ga wurin wayam. Ya juyo gare ni.

"Ni aka gudu ma, ko, Abu?"

Ya naɗe buzunsa ya sa a hammata.

"Allah shi ne shaida," ya ce, ya fita.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Malam ya rasu da faɗuwar ruwan farko. Yana karɓar abinci daga hannuna har ƙarshe, amma bai ƙara dubana cikin ido ba, ni ma ban roƙe shi ba. Ubanku ya ji abin da na faɗa a kansa, ya yi fushi ya daina kirana, sai Zulai. Sai da ya zo ta'aziyya ya ga gidajen da aka rufe da ƙaya a ƙauyukan kudu, ya zo ya durƙusa gabana, na ba shi fura ya sha. Jimma ta daina aiko mini da ɗanɗanon miya, muna gaisawa ta bisa darni kamar baƙi har Allah ya ɗauke ta. Telen tana nan ɗakin Habsu, ƴaƴanta suna kallon ƙwallo.

Nomau kuwa, bayan kaka, masu ɗaukar mutanen nan suka tare shi a hanyar kasuwa suka tafi da shi daji. Sai da danginsa suka sayar da duk abin da ya mallaka kafin ya dawo, da ƙafa guda a lalace. Yanzu yana zama gindin bedi, dogon yaron nan na bakin masallaci. Idan na wuce ina gaishe shi, yana amsawa. Wasu sun ce wannan ya wanke shi, wasu sun ce ɓatawa suka yi da abokan cinikinsa. Ni ban sani ba, kuma ba zan mutu da sani ba.

Gidanmu ba su taɓa zuwa ba. Ko don abin da na yi ne, ko da ma ba su da niyya, Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne uwarku ga ta can tana tankaɗe, ba ta taɓa kwana a daji ba. Ku kuma ga ku nan zaune kun cika mini tabarma, ba wanda ya ɓace a cikinku, har kuna da bakin yi mini dariya. Ku yi abarku. Maganata ta tsaya nan, a rufe alƙalami.